Aikina ne, amma sunan Baba ne a kai

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, maza da mata, Musulmi da Kirista, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ka saka min wannan amma ka cire sunana da lambata, don akwai 'yan ofishinmu a gurup ɗin nan, na gan su da idona. Don Allah ku ba ni shawara. Ba zagi na zo nema ba, wanda nake yi wa kaina kullum ya ishe ni. Zan yi tsawo ku yi haƙuri, maganar ba ta faɗuwa a layi biyu.

Ni mace ce, da aurena da yara biyu, muna zaune a Makera, nan Kaduna. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani mai zaman kansa a wajen Barnawa, ba zan faɗi abin da suke sayarwa ba don ina faɗa an gane. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne ake kira idan kwamfuta ta ƙi tashi, ko firinta ta yi gardama, ko netwok ya ɗauke, ko mutum ya manta kalmar sirrinsa ya zo yana rantsuwa shi fa daidai ya rubuta, kwamfutar ce ke da aljanu. Mu ke jan kebul ta cikin silin, mu ke buɗe wa sabon ma'aikaci akawunt mu rufe na wanda ya tafi, mu ke kula da babbar kwamfutar nan da ake ce wa saba, wadda duk fayilolin kamfanin suke cikinta. Sashen namu suna ne kawai ya yi girma, mu biyu ne rak, ni da ogana.

Ogan nawa dattijo ne ɗan Filato, gidansa na Romi, bari in kira shi Baba Bulus duk da ba sunansa ke nan ba. Ku fahimci waye mutumin nan a wajena kafin ku yanke hukunci. Lokacin ina foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ina neman inda zan yi koyon aiki, ba ofishin da ban shiga ba, duk inda na je sai a kalli hijabina a ce ko zan zauna a teburin tarbar baƙi. Shi kaɗai ne bai tambaye ni komai ba, ya miƙo min filaya da guntun kebul ya ce in haɗa masa kai ya gani. Na ɓata, na sake ɓatawa, ya yi ta dariya, ya ce gobe in zo da takalmin da zan iya hawa tsani da shi. Shi ya koya min jerin kalolin wayoyin nan na cikin kebul har na haddace su, shi ya koya min yadda ake sa kwamfuta a netwok, da yadda ake ajiye kwafin fayiloli don gudun ɓacin rana, kuma shi ya tsaya kai da fata har aka ɗauke ni aiki bayan na gama bautar ƙasa. Ranar ɗaurin aurena ya zo Makera da matarsa, Mama, suka zauna a rumfa har aka watse. Akwai wata rana da gari ya ɗan rikice aka ce kowa ya nufi gida, keke ba ya tsayawa, shi ya sa ni a motarsa ya kai ni har bakin layinmu sannan ya juya, alhali shi ne bai kamata a gani a wajen ba ranar. Ban taɓa kiransa oga ba, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce 'yata.

To ga inda abin ya samo asali. Tun kafin in zo, a kamfanin akawunt ɗaya ne yake da cikakken iko a kan saba da duk kwamfutocin, wanda muke ce wa admin, kuma da sunan Baba aka buɗe shi. Tsohon manajanmu ne ya tsara haka, wai iko ya zauna a hannun mutum ɗaya don a san wanda za a kama. Nawa akawunt ɗin irin na kowa ne, ko manhaja ba zan iya sa wa kwamfuta da shi ba. Saboda haka idan aiki ya taso Baba yana wani wajen, sai ya ce, 'yata shiga da nawa kawai, ki gama ki fita. Mu duka mun san ba haka ake yi ba. Shi da kansa yake tara ma'aikata yana musu wa'azi kada kowa ya ba wani kalmar sirrinsa, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai, tasa tana cikin kaina. Amma a lokacin sai jefi-jefi ne, ban ɗauke shi komai ba.

Wajen damunar bara na fara ganin abin da ban gane ba. Ya haɗa wani kebul ya ƙi aiki, na duba sai na ga ya musanya kore da ruwan ƙasa. Baba fa, wanda ko a duhun silin yake haɗawa bai taɓa kuskure ba. Na yanke kan na sake haɗawa, ban ce masa komai ba. Sai na ga ya ƙara wa rubutun kwamfutarsa girma, bayan kwana biyu ya ƙara, har ya zama kalma uku ke cika fuskar, kuma duk da haka sai ya kai hancinsa kusa. Ranar da asiri ya tonu tsakaninmu, zai goge wani tsohon faifan ajiyar fayiloli ne don a sake amfani da shi, na waiwayo sai na ga wanda ya zaɓa shi ne mai ɗauke da kwafin fayilolin 'yan akawu gaba ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na damƙe masa hannu ba. Ya tashi ya rufe ƙofar ɗakin saba, sannan ya gaya min. Ciwon suga ne ya taɓa masa ido, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kamar yana kallo ta bayan labule, likita ya ce ba gyara sai dai a rage masa gudu.

Ya ce min saura kaɗan ya cika shekarunsa, bayan Ista mai zuwa zai yi ritaya. A dokar kamfaninmu wanda aka sallama kafin lokacinsa ba ya samun cikakken kuɗin sallama, katin asibitin da yake karɓar magani da shi ma a ranar yake mutuwa, ga autarsa tana makarantar koyon jinya. Ko 'ya'yansa bai gaya wa ba, Mama kaɗai ta sani, motar ma ya ajiye ta da sunan wai mai ya yi tsada, keke yake shigowa. Ya ce, 'yata ki rufa min asiri in ƙarasa. Ku da kuke karantawa, wa zai ce a'a a wannan wajen? Ni dai ban iya ba, ko tunani ban tsaya yi ba na ce Baba ba komai.

Daga nan muka raba aiki, shi baki ni hannu. Ma'aikata dama shi suke kira, shi ne babba, sai ya je ya tsaya a kansu yana tsokana, ya yi tambayoyinsa, ya ce su karanto masa abin da kwamfutar ta rubuta wai yana so su koyi karantawa da kansu, sannan ya dawo ya gaya min, ni kuma in shiga da akawunt ɗinsa in gyara. Kada wani ya ce zaune yake yana cin banza, a'a. Kansa na nan garau. Ya san inda kowane kebul ya bi a silin ɗin ginin nan, daga ƙarar fankar saba yake gane ta fara zafi, sau da yawa kafin in gama dubawa ya riga ya faɗi inda matsalar take. Amma dannawa, da karantawa, da hawa tsani, da duk abin da ke son ido, ni ce. Muna da wata manhaja da ake shigar da kowane ƙorafi a matsayin tikiti, idan an gyara a rufe shi, kuma sunan wanda ya shiga ne yake hawa kai. Tunda da sunansa nake shiga, duk tikitin da na rufe sunansa ne a kai.

Na san tambayar da 'yan fanninmu za su yi min, me ya hana ki buɗe wa kanki naki admin ɗin tunda kina da hanya? Gaskiya ne, ko minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba. Amma ta yaya dattijo zai ba ni makullin ɗakinsa amana, in zagaya in yanko wa kaina kwafi bai ce ba? Shi bai ce ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Sau ɗaya na ɗauko maganar a fakaice, sai ya ce idan aka ga sunana a kan komai za a tambaya shi me yake yi. Tun daga ranar ban sake ba. Na ce a raina ai lokaci kaɗan ne, kuma wa ma yake duba waɗannan tikitin? Tsohon manaja ko inda manhajar take bai sani ba.

Sai ga shi masu kamfanin sun kawo sabuwar manaja daga Abuja, Madam muke ce mata. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta, tana gaisawa da kowa har masu shara, amma mace ce mai bin abin da ke rubuce, in ba a rubuce ba a wajenta bai faru ba. Zuwanta ba da daɗewa ba ta kori mai kula da sito da wani kashiya saboda ɗaya ya shiga da kalmar sirrin ɗaya, ba su saci ko allura ba. Ta tara mu ta ce daga yau duk wanda ya bayar da wanda ya karɓa, su biyun ƙofa za su nufa, ba sallama ba jin bahasi. Har ta sa Baba ya tashi ya ƙara wa mutane bayani, aka yi masa tafi, ni ce ma na haɗa musu majigin. Ina zaune a baya ina kallo.

Bayan haka ta ce za a rage ma'aikata a kowane sashe, namu mutum ɗaya zai rage. Ta ce wa Baba ya ciro mata rahoto daga manhajar tikiti da kuma saba, a ga wa ya yi me a shekara guda da ta wuce. Baba zai iya? Ni na ciro. Jama'a, na zauna ina kallon abin nan yana fitowa daga firinta, shafi bayan shafi, sunan Baba, sunan Baba, sunan Baba. Sabon netwok ɗin da na ja a sito ni kaɗai ina da cikin wata bakwai, sunansa. Ranar da saba ta mutu na hana kaina hutun Sallah na tashe ta, sunansa. Nawa sunan ya fito a rabin shafi, na canza tawadar firinta, na kai majigi ɗakin taro, na buɗe wasiƙuna. Na haɗa takardun na kai masa, ni na ɗora masa bakin biro a kan layin da zai sa hannu.

Ranar Talata ta kira ni ofishinta. Da ma ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Shayi ta sa aka kawo min, ta buɗe rahoton a gabana, cikin sanyin murya ta tambaye ni wai ni me nake yi a kamfanin nan.  Ta ce ita ba abin da take so irin ta ga mace a wannan fanni, da ta gan ni ta yi murna, amma ta ji takaici da ta ga na bar dattijo yana aikin samari uku ni ina canza tawada. Har da tambayata ko aure da yara ne suka sha min kai. Wannan maganar ta ƙona min rai, wallahi har yanzu in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Ni da nake barin jaririya da zazzaɓi wajen maƙwabciya in zo in tsuguna ƙarƙashin teburin mutane! Amma na haɗiye, na ce to Madam. Ta ce ta ba ni zuwa Litinin, in akwai wani aiki nawa da rahoton bai nuna ba in kawo mata shaida, in babu, ƙarshen wata zan ajiye. Ta ƙara da cewa Baba kuwa za ta nemi a riƙe shi da kwantiragi ko bayan ya yi ritaya, irinsa ba a sakinsu.

Da na gaya wa Baba abin da Madam ta ce, sai ya kawo shawararsa. Wai in yi shiru in tafi, zai bar min hanya a buɗe in riƙa shiga saba daga gida ina yin aikin, ya riƙa raba albashinsa da ni har Ista, in lokacin ya yi ya ƙi karɓar kwantiragin ya ce a dawo da ni. Na ce Baba, wanda aka kora ya riƙa shiga kwamfutar kamfani ta bayan gida, wannan fa ya wuce maganar kora, maganar 'yan sanda ce. Kuma in kebul ya tsinke a silin wa zai hau, in wata na'ura ta ƙone wa zai canza? Ya ce zai san yadda zai yi, ni da shi kuma mun san ba yadda zai yi. Na roƙe shi ya je da kansa ya gaya mata gaskiya, wataƙila in daga bakinsa ta ji ta tausaya. Ya ce zai yi addu'a a kai. Kullum da safe in na tambaye shi sai ya ce gobe. Abin da ya fi kashe min jiki, ya ce min in na ga ba zan iya ba in je in faɗa, ba zai riƙe ni a zuci ba, yarana sun fi shi haƙƙi a kaina. Da ya tsine min ma da na fi samun ƙarfin zuwa.

Shekaranjiya da yamma sai ga Mama a gidanmu, ta shigo keke tun daga Romi da ledar dankalin turawa wai an aiko musu daga gida. Ta zauna, ta goya ƙaramar, ta sha ruwa, ta tambayi jikin mahaifiyata. Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan maganar ba. Da na raka ta bakin titi ne kawai ta riƙe hannuna ta ƙi saki har keke ya tsaya, sannan ta shiga ta tafi.

Maigidana bai san komai ba sai a satin nan, kuma ya yi fushin da ban taɓa gani ba. Malamin makaranta ne, ta kuɗi, kun dai san yadda albashinsu yake, aikina ne ke riƙe da hayar gida da maganin mahaifiyata. Ya ce da ilimina da hankalina na zauna ina yi wa wani aiki da sunansa, ko ɗan dako ya san ya ce ni na ɗauko kayan nan. Ya ce shi ma yana ganin girman Baba, amma in je Litinin in faɗi gaskiya, yaranmu ba za su ci kunya su ƙoshi ba. Da na ce masa in na faɗa dokar ta hau kaina ni ma, sai ya ce to ba ni ce mai sabar ba, in shiga in canza sunayen mana, in ce wancan rahoton kuskure ne. Na ce har abada, wannan ha'inci ne, kuma tarihin abin da aka yi a saba shi ne abu ɗaya da mai aikinmu ba ya taɓawa, ranar da ka taɓa shi ka gama zama abin yarda. Sai ya ce au, ina da imani a kan kwamfutar kamfani amma ba ni da shi a kan 'ya'yana. Mun yi cacar baki sosai, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin haushin, na rasa inda zan ce ya yi ƙarya. Mahaifiyata kuma ta ce kul, kada a ji da bakina aka tozarta dattijon da ya riƙe ni kamar 'yarsa, Allah zai ba ni wani aikin. Na ce amin, amma ita ba ta san yadda neman aiki yake a garin nan ba.

Na juya maganar nan ta kowane gefe. In na faɗa, a dokar Madam mu biyu ne za mu tafi. Ko da ta yafe min don ba ta da wanda zai riƙe aikin, Baba dai ya tafi, kuma ba tafiyar mara lafiya ba, tafiyar wanda ya yaudari kamfani, bayan duk shekarun da ya yi, a gaban yaran da suke tashi tsaye in ya shigo. In na yi shiru, ni na tafi da sunan malalaciya, duk inda na nemi aiki aka kira su abin da za su faɗa ke nan, shekarun da na yi ba ni da ko tikiti ɗaya na kirki da zan nuna. Kuma shirun nawa ma ba zai cece shi ba, ranar da wani abu ya lalace ba na nan, ranar za a gane. Ina kwana da abin nan ina tashi da shi, abinci ba ya shiga, jiya har gishiri na zuba a kunun yara.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya Alhamis. Laftof ɗin Madam ya ƙi buɗe mata foldar da manyan ofis ke ajiye takardu, ta leƙo ta kira Baba. Na miƙe zan bi shi kamar kullum, ta ce in yi zamana, Baba ya isa. Ƙofar ofishinta ta gilashi ce kuma ba ta rufe ta duka ba, daga teburina ina gani ina ji. Ya ce bari ya je wajensa ya duba, ta ce a'a ya zauna nan, tana da mitin yanzu, ta juya masa laftof ɗin ta ce ga abin da ya rubuto nan ya karanta. Na ga ya lalubi gefen tebur ya zauna, ya sunkuya. Ni kuwa na riga na san matsalar. Ta canza kalmar sirrinta ranar Laraba, wayarta kuma tana ta gwada tsohuwar har saba ta kulle mata akawunt, abu ne da muke gani kullum, gyaransa dannawa biyu.

Ba zan ɓoye muku abin da ya zo min ba. Zuciyata ta ce min, ki zauna kawai. Kada ki ce komai, kada ki yi komai. Nan da ɗan lokaci za ta gani da idonta, ba wanda zai ce ke kika tona shi, ko shi kansa ba zai ce ba. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata na danne. Ina jin shi yana jan lokaci, yana tambayarta ya yara, ya ta ga zafin Kaduna, ko ta saba da ruwanmu, ita kuma tana duba agogo. Sai na ji ta ce, Baba me ya rubuta ne? Ya yi gyaran murya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ɗakin saba ba. Na shiga da sunansa, na buɗe mata akawunt ɗin, na yi masa filashin a waya, alamarmu ke nan in na gama. Na ji ya ce, Madam gwada yanzu, ki kuma canza ta cikin wayarki. Ta gwada ya buɗe. Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ba za ta bar shi ya tafi ba.

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin saba ya fito. Ya bi bango a hankali har teburina. Na rataya sallayata a bayan kujera, jakata kuma tana kai. Ya tsaya a gaban kujerar ya ɗan sunkuya, ya rage murya ya ce, 'yata Allah ya biya ki, na san abin da na ja miki, ki yafe min. Da kujera yake magana, ni ina bayansa. Sai na ga wata 'yar akawu ta ɗago kai daga aikinta tana kallonsa, tana kallon kujerar. Na yi maza na ɗaga murya na ce, amin Baba, ga ni nan ina ɗauko kebul, waya kake yi ne? Ya ce eh, waya yake yi. Na shige banɗaki na yi kukan da tun Talata nake riƙewa.

To 'yan uwa, ga ni gare ku. Masu aikin kwamfuta, akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita lafiya? Masu kula da ma'aikata a kamfanoni, in ku ne Madam na zo muku da gaskiya, za ku ji ni ko doka za ku bi? Akwai hanyar da zan nuna aikina ba tare da na nuna idonsa ba? Iyaye mata, in bi maganar mijina ko ta mahaifiyata? Kada wanda ya ce min in yi addu'a kawai, ina yi, goshina ya shaida. Abin da nake nema shi ne maganar da zan buɗe baki in faɗa. Yau Juma'a, Baba ya sake ce min gobe, gobe kuma ba aiki. Litinin da safe matar nan za ta zaunar da ni ta sake tambayata me nake yi a kamfanin nan, shi kuma yana zaune a bayan gilashin yana jiran ya ji amsata. Don Allah ku gaya min, me zan ce mata?